Babi na Biyar: Daga Faifai Zuwa Alwatika

A babin da ya gabata mun ga yadda yaro ke fara ƙirga da yatsu da tsakuwa tun kafin ya san lamba a rubuce. Haka abin yake ga siffofi, wato da'ira da murabba'i da alwatika da 'yan uwansu. Sai dai su an fi tauye musu haƙƙi a makarantunmu. Mako guda ake ba su, a zana su a allo, a rera sunayensu, a wuce gaba.

Wata safiya na ziyarci wani aji ɗaya na firamare, na tarar malama ta zana siffofi uku a allo. Tana nunawa da sanda, yara sama da sittin suna amsawa da murya ɗaya, babu mai kuskure. Da suka gama sai na nemi izini, na ciro wani guntun kwali mai gefe uku, na ɗaga shi tsininsa na kallon sama kamar yadda yake a allo. Aji ya ɗauka: "Alwatika!" Na juya shi, tsinin ya kalli ƙasa. Sai wuri ya yi tsit. Can wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, ɗazu alwatika ce. Yanzu kuma ta kife."

"To, 'yata, idan ƙwarya ta kife, ta daina zama ƙwarya?"

Ta yi jim, ta ce, "A'a, Malam."

"Zo ki riƙe ta, ki ƙirga mana gefenta."

Ta taso, ta bi gefen kwalin da yatsa. "Uku." Na ce ta juya shi yadda ta ga dama. Ta juya, ta sake bi da yatsa, ta ɗago kai tana murmushi. "Malam, har yanzu uku ne!"

Abin da wannan yarinya ta gano a cikin minti biyu, rerawar mako guda ba ta ba ta shi ba. Da can hoton alwatika ta haddace. Yanzu ta san abin da ya sa alwatika ta zama alwatika. Tsakanin waɗannan biyu nan ne aikin malami yake, kuma shi ne zancen wannan babi.

Matakalar da yaro ke hawa

A shekarar 1957, wasu malaman lissafi guda biyu a ƙasar Holan, mata da miji, Dina van Hiele-Geldof da Pierre van Hiele, suka gabatar da bincikensu na digirin digirgir a Jami'ar Utrecht. Abin da ya dame su shi ne ganin ɗalibai suna shan wuya a ilimin siffofi duk ƙoƙarin da malami ya yi. Suka bayyana cewa fahimtar siffa hawa-hawa ce, mai matakai biyar, kuma ba a tsallake mataki. Uku na farko su ne suka shafe mu.

A mataki na farko ido ne alƙali. Yaro zai ce wannan da'ira ce saboda ta yi kama da faranti, wancan kuwa ya yi kama da ƙofa. A na biyu zai fara lura da halayen siffa: gefe nawa gare ta, kusurwa nawa, waɗanne gefuna ne tsawonsu ɗaya. A na uku zai gane dangantakar da ke tsakanin siffofi. Zai yarda cewa murabba'i ma wani nau'i ne na mustaɗili, wato siffar ƙofa da tabarma, kamar yadda kowane Bakano ɗan Nijeriya ne amma ba kowane ɗan Nijeriya ne Bakano ba.

Babban abin da suka jaddada shi ne, shekaru kaɗai ba sa hawar da yaro wannan matakala. Irin koyarwar da ya samu ita ke hawar da shi. Shi ya sa za ka ga ɗan sakandare da har yanzu idan aka karkata masa murabba'i sai ya ce wata siffa ce dabam. Ya girma, amma an bar shi a matakin farko. Idan kuwa malami yana magana daga mataki na uku alhali yaro yana na farko, to kowa yarensa yake yi, sai yaro ya koma ga hadda don ya tsira daga bulala.

Hannu kafin suna

Waɗanda suka fara yin tunani mai zurfi a kan karatun ƙananan yara duk sun haɗu a kan abu ɗaya: a sa siffa a hannun yaro kafin a sa sunanta a bakinsa.

Friedrich Froebel, Bajamushen da ya kafa makarantar renon yara da ya raɗa wa suna "lambun yara" a shekarar 1840, ya taɓa yin aiki a gidan adana duwatsun ma'adinai a birnin Balin, inda ya daɗe yana nazarin fuskoki da kusurwoyin duwatsu. Da ya koma ga yara sai ya tsara musu kayan wasa da ya kira kyaututtuka. Kyauta ta farko ƙwallaye ne masu taushi na zaren ulu. Ta biyu abubuwa uku ne na katako: mulmulallen ƙwallo, da dunƙule mai fuska shida, da wani mai siffar gwangwani. Yaro zai tura ƙwallo ya ga ya gangara, ya tura dunƙule ya ga ya ƙi, sannan ya tarar gwangwanin yana gangarawa idan an kwantar da shi, yana tsayawa idan an kafa shi. Ba a gaya masa komai ba, amma ya riga ya san bambancin shimfiɗaɗɗiyar fuska da lanƙwasasshiya. Shahararren mai zanen gine-gine na Amurka, Frank Lloyd Wright, ya yi wasa da irin waɗannan katakai yana yaro, kuma har ya tsufa yana ambaton tasirinsu a kan aikinsa.

Ita kuwa Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, siffofin katako ta yi, kowace da gurbinta. Yaro zai bi gefen siffa da yatsa biyu, ya bi bakin gurbin, sannan ya saka ta a ciki. Idan bai dace ba katakon ne zai gaya masa, ba sai malama ta yi tsawa ba.

Kada mai karatu ya ce ai waɗannan kayan masu kuɗi ne. Hikimar da ke cikinsu kyauta ce. Ɗauki tsohuwar jaka ko ƙaramin buhu, ka zuba lemo, da dunƙulen magi, da gwangwanin madara, da kwalin ashana, da mazurari. Yaro ya zura hannu ba tare da ya leƙa ba, ya kama abu ɗaya, ya bayyana wa 'yan aji abin da yake ji: "Ba shi da tsini ko ɗaya." "Yana da fuska shida, duk girmansu ɗaya." Su kuma su canka. Tun da ido ba ya aiki, dole ya nemi kalmomin gefe da fuska da kusurwa. Ka ga ya taka mataki na biyu yana dariya.

Bayan haka a ɗora gwangwanin a kan rairayi a danna, a ɗaga. Me ya bari? Da'ira. Dunƙulen magi ya bar murabba'i, kwalin ashana ya bar mustaɗili iri uku, gwargwadon fuskar da aka danna. Ta haka yaro zai gane cewa siffofin da ake zanawa a allo sawun abubuwan da yake riƙewa ne kullum.

Gidanmu cike yake da siffofi

Ɗan Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun yana goye yake kallon faifai, kuma duk wanda ya zauna kusa da mai saƙa faifai ya ga yadda ake haihuwar da'ira. Daga cibiya take farawa, ta naɗe, ta ɗinke, ta yi ta kewayawa, kowane zagaye ya fi na bayansa faɗi, har faifai ya cika. Idan ta bari gefe ɗaya ya fi wani nisa daga cibiya, kowace mai saye za ta ce bai yi ba. Wannan ita ce ma'anar da'ira gaba ɗaya: ko ta ina ka auna daga tsakiya zuwa baki, nisan ɗaya ne.

Dubi tanda da gurabunta na waina. Dubi murhu mai duwatsu uku, da jinkar ɗaki da malfar makiyayi masu tsini a sama. Dubi aikin babbar riga, inda askake ke saukowa kamar dogayen alwatikai, tambari kuma yana naɗewa kamar faifai. Dubi zanen hula da na tabarma, da dagin da ke jikin soraye a Kano da Zariya, wanda idan ka raba shi biyu kowane ɓari hoton ɗan uwansa ne. 'Yan mata suna zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, dattawa suna haƙa ramukan dara a jere. Hatta siffar nan mai faɗin gindi da tsinin kai, wadda Misirawa suka gina don kabarin sarakunansu, mu da sunanmu muke kiranta, dala, kuma iyayenmu sun ga dalar gyaɗa a Kano da idonsu. Yaron Nijeriya yana da mustaɗili uku a tutar ƙasarsa, na Nijar yana da da'ira a tsakiyar tasa.

Saboda haka darasin farko ya zama farauta. A ce wa yara, "Gobe kowa ya zo mana da labarin da'ira uku da ya gani tsakanin gida da makaranta." Za su zo da tayar keke, da bakin rijiya, da ƙuli-ƙuli, da marfin tukunya. Wani zai ce ƙwai. Kada a ce masa bai iya ba. A kawo ƙwan, a kawo faifai, a tambayi aji ina suka yi kama, ina suka rabu. Sau da yawa amsar da ta kauce ta fi wadda ta dace koyarwa.

Igiya da turke

Sunan da Girkawa suka ba ilimin siffofi ma'anarsa awon ƙasa, kuma masanin tarihinsu Herodotus ya danganta farkonsa ga Misirawa, waɗanda ke sake auna gonaki bayan ambaliyar Kogin Nilu ta shafe iyakoki. Tun da a ƙasa aka haife shi, a fitar da yara fili.

Magini idan zai fitar da harsashin zagayayyen ɗaki, turke yake kafawa, ya ɗaura igiya, ya ɗaure tsinke a ɗaya bakin, ya ja ta ta miƙe, ya kewaya yana zana ƙasa. A bar yara su yi haka da kansu. Ɗaya ya danne turke, ɗaya ya kewaya. Idan igiya ta saki, layin zai shigo ciki, kuma 'yan kallo ne za su fara ihu: "Ja ta! Ja ta!" Su da kansu sun gano sharaɗin da'ira.

Sai a kawo wata igiyar, a yi mata alama a kowane kamu har kamu 12, a haɗe bakinta biyu. Wannan igiya ɗaya ta ishi aji zango guda. Yara huɗu su riƙe ta a kamu uku-uku, su daidaita kusurwoyi, ga murabba'i. Su koma biyu da huɗu, biyu da huɗu, ga mustaɗili. Yara uku su riƙe a huɗu-huɗu, ga alwatika mai gefuna daidai. Su koma 3 da 4 da 5, su ja ta ta miƙe, sai ga tsayayyiyar kusurwa irin ta bakin littafi ta fito tsakanin gefe mai 3 da mai 4. Da wannan awo magina da kafintoci ke daidaita kusurwar gini har gobe.

Daga nan sai tambaya mai daɗi: a wace siffa ce yara suka fi samun wurin tsayawa a cikin igiyar? A gwada a gani. Idan aka auna da tabarmi ƙanana masu kamu ɗaya a kowane gefe, alwatikar 3 da 4 da 5 za ta ci 6, mustaɗilin biyu da huɗu ya ci 8, murabba'i ya ci 9, da'ira kuwa ta kusa 11 da rabi. Igiya ɗaya ce, tsawonta bai ƙaru ba, amma da'ira ta fi kowa ciki. Nan malami zai nuna musu rumbu da zagayayyen ɗaki, ya ce kakanninmu da suka zaɓi wannan siffa sun sami fili mafi yawa da bango mafi ƙaranci. Yaron da ya ji haka, kallon da zai yi wa rumbun gidansu ya canza ke nan.

Kara, laka da tsinke

Yaranmu da ke ƙera motar kara da totuwa ba sa buƙatar a koya musu haɗa abu. A ba su tsinken tsintsiya da 'yan curin laka. Tsinke shi ne gefe, curin laka shi ne kusurwa. Kowa ya haɗa mai gefe huɗu, ya haɗa mai gefe uku, sannan ya tura kowanne a hankali da yatsa. Mai gefe huɗu zai kishingiɗa, mai gefe uku zai tsaya kyam. A ce, "Wa zai hana mai gefe huɗun nan kishingiɗa da tsinke ɗaya tak?" Za su yi ta gwadawa har wani ya gitta tsinke daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Da ya duba sai ya ga ya mayar da shi alwatika biyu.

A ranar, a kan hanyar komawa gida, za su ga alwatika a katakon rufin kwano, a jikin keke, a dogon ƙarfen sadarwar waya. Sun san dalilin da ya sa take wurin, domin sun ji shi a yatsunsu.

Kwali da almakashi

Akwai wani wasa da ya fito daga ƙasar Sin, ana kiransa tangram, wanda ya bazu a Turai a farkon ƙarni na 19. Murabba'i ɗaya ne aka yanka gida bakwai: alwatika biyar, manya biyu, matsakaiciya ɗaya, ƙanana biyu, sai ƙaramin murabba'i, sai mai gefe huɗu da ya kishingiɗa. Da kwalin taliya da almakashi malami zai yi wa kowane rukuni nasu. Yara su jera su fitar da doki, ko jirgin ruwa, ko mutum a zaune. A cikin wasa za su ga alwatika a kife, a kwance, a karkace, har idonsu ya saba. Za su kuma gano cewa ƙananan alwatikai biyu suna haɗuwa su ba da murabba'i, a sake jera su su ba da matsakaiciyar alwatika.

Haka kuma allon ƙusoshi, wanda Caleb Gattegno, masanin koyar da lissafi haifaffen Iskandariyya, ya yaɗa a shekarun 1950. Guntun katako ne da ƙusa 25, biyar-biyar a jere, sai robar ɗaure kuɗi. Kafintan unguwa zai yi shi a zama ɗaya. Yaro zai ja roba ya mayar da gajeriyar alwatika doguwa siririya, ya ga har yanzu gefenta uku.

Ko takardar da aka yar tana da amfani. A ninka ta sau ɗaya, a sake ninkawa a kan layin farko, ga tsayayyiyar kusurwa ta fito. Kowane yaro ya ɗauki tasa ya bi aji yana gwada ƙofa da taga da benci. A wata ranar kuma a ba su murafen kwalba su rufe fuskar littafi ba tare da sun bar kafa ba. Ba za su iya ba, domin da'ira ba ta haɗuwa da 'yar uwarta sai ta bar rami. A cikin siffofin da gefunansu da kusurwoyinsu duka daidai suke, uku ne kaɗai ke rufe fili su kaɗai ba kafa: alwatika, da murabba'i, da mai gefe shida. Ta ukun ita ce ƙudan zuma ke saƙa gidansa da ita.

"Ta yaya ka sani?"

Duk waɗannan wasanni suna iya zama wasa kawai idan babu tambaya a bayansu. Tambayar da ta fi kowane kayan aiki ita ce, "Ta yaya ka sani?" Idan yaro ya ce wannan murabba'i ne, kada a tsaya ga tafi. A ce ya nuna hujja. Idan ya ce ya yi kama da taga, yana matakin farko, sai a ba shi tsinke ya auna gefunan. Idan ya ce gefensa huɗu kuma duk tsawonsu ɗaya, a nuna masa wanda ya kishingiɗa, a ce, "Wannan fa?" Sai ya tuna da kusurwa.

Malami ya riƙa zana siffa a kowane hali, babba da ƙarama, siririya da mai kauri, a tsaye da a karkace. Ya riƙa kawo masu kama da ita amma ba ita ba: mai gefe uku da bakinta bai haɗu ba, ko wadda gefenta ɗaya ya lanƙwashe. Yara su yanke hukunci, su kuma faɗi dalili.

Wannan muhawara ba ta yiwuwa sai da harshen da yaro ke tunani da shi. Ɗan shekara shida zai iya haddace sunan siffa da Turanci ko Faransanci, amma ba zai iya kare ra'ayinsa da su ba. A Ile-Ife, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji inda aka koyar da yara darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba. A bar yaro ya ce gefe da kusurwa da tsini da faɗi. Idan ma'ana ta zauna, sunan baƙon harshe ba zai yi wuyar ɗorawa ba.

Na san ajinmu cike yake, kuma malami ɗaya ne a kan yara da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba su rukuni-rukuni na shida ko takwas, kowane rukuni da igiyarsa ko jakarsa da shugabansa, a fita gindin bishiya. Hayaniyar yaran da ke gardama a kan ko ƙwai da'ira ne ta fi shirun waɗanda ke kwafar abin da ba su gane ba.

Ga iyaye da malamai

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba juya siffa a hannunsa da cikin kansa, shi ne gobe zai iya yanka yadi ba asara, ya karanta taswirar gini, ya fahimci zanen inji, ya tsaya a gaban darasin lissafi na sakandare ba tare da gabansa ya faɗi ba. Wanda kuwa aka saba tambayarsa hujja tun yana ƙarami, ya sami tarbiyyar da ta wuce lissafi.

Uwa, idan kina tankaɗe, miƙa wa ɗiyarki faifai ki ce ta nuna miki cibiyarsa. Uba, idan ka je wurin magini ko tela, tafi da ɗanka ya ga awo. Malam da Malama, gobe kafin ku ɗauki alli ku ɗauki igiya, ku juya alwatika ta kife, ku tambayi yara ta yaya suka sani. Kayan aikin suna tsakar gidanku, yaran kuma a shirye suke.